Ko Kin San Katsina Sunan Mace Ne?

 Yau tukunya da keken ɗinki za su huta, da kacici-kacici zan fara muku, wadda ta kasa kuwa sai ta ba ni gari kamar yadda ake yi a dandali. Wace mace ce aka haife ta a Kankiya a 1960, aka kai ta ɗakin miji a Kusada, ba ta taɓa yin ƙaura zuwa ko'ina ba, amma duk da haka ta zauna a jiha huɗu?

Kada ku wahalar da kanku, amsar tana nan zaune a kan tabarma cikin gidanku. Kakarku ce, ko kuwa duk wata sa'arta da ke ƙasar Kankiya da Kusada. Tana nan inda take, sunan ƙasar ne ya yi ta sakewa a ƙarƙashin ƙafarta.

Lokacin da aka haife ta, Kankiya tana cikin Lardin Katsina ne, a Jihar Arewa, wadda Sardauna Ahmadu Bello yake Firimiyarta. Ran 27 ga watan Mayu 1967, ana gab da yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya yanka Nijeriya zuwa jihohi 12, aka haɗa Lardin Katsina da na Zariya aka kira su Jihar Arewa ta Tsakiya, Abba Kyari ya zama Gwamna. Wannan suna ba shi da wani tarihi, kwatance ne kawai irin wanda ake yi wa baƙo mai neman gida. Sai ran 3 ga watan Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohi 19, ya kuma ce a daina kiran jiha da gabas ko yamma ko arewa, a ba kowace sunan kanta, don mutane su manta da tsohon ɓangaranci. Nan ne kakarku ta wayi gari 'yar Jihar Kaduna. Kaduna kuwa sunan kogi ne, yawancin Hausawa kuma suna cewa daga kadduna ya fito, watau jam'in kada, ko da yake Gbagyi da suka daɗe a bakin kogin suna da nasu bayani dabam. To kun ji, mutanen da ba su da babban kogi balle kada sun shekara goma sha ɗaya suna amsa sunan kadduna.

Ran 23 ga watan Satumba 1987 Janar Ibrahim Babangida ya cire Katsina daga Kaduna, rana ɗaya da Akwa Ibom, aka turo Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar ya zama Gwamna na farko. Tun daga ranar ake rubuta Jihar Katsina a takardunmu. Saboda haka, 'yar makaranta, in kin ga tsohuwar takardar firamare ta mahaifiyarki ko ta gwaggonki da hatimin Jihar Kaduna, kada ki ce kuskure ne, kada kuma a bari yara su yi wasa da ita. Takarda ce sahihiya ta zamaninta.

SUNAN MACE

To ita Katsinar fa, daga ina? Nan ne nake so ku gyara zama. Labarin baka da aka fi sani ya ce a can da, kafin a gina birnin da muka sani yanzu, sarakunan Durɓawa suna zaune a Durɓi ta Kusheyi, wadda ke cikin ƙasar Mani a yau. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Janzama, ya auri wata gimbiya 'yar sarautar Daura, sunanta Katsina, kuma da sunanta aka kira garin. In haka ne, duk lokacin da kika cika fom kika rubuta sunan jiharki, sunan wata amarya kika rubuta, wadda aka ɗauko daga gidan ubanta aka kai gidan miji kamar kowace ɗayarmu. Durɓi ta Kusheyi kuwa ba tatsuniya ba ce. Manyan tuddan kaburburan sarakuna suna nan, an tona wasu a 1907, an sake tona wasu a 1992, an kuma sami kayan ado da na ƙarfe waɗanda suka nuna mutanen wurin suna ciniki da ƙasashe masu nisa.

Gidan da amaryar ta fito ma sunan mace yake amsawa. Kafin zuwan Bayajida mata ne ke sarautar Daura, ɗaya bayan ɗaya, kuma Magajiya Daurama ce aka ce ta taso daga Tsohon Birni ta kafa garin da ya ci sunanta. Ku mutanen Kankiya da Kusada kuna da rabo a gidajen biyu, domin a sarauta kuna ƙarƙashin Sarkin Katsina, amma in an zo zaɓen Sanata da shiyyar Daura kuke jefa ƙuri'a. Ga uwa ga 'ya, kuna tsakiya.

Ku leƙa kudu. Ƙasar sunanta Zazzau, amma birnin Zariya, ita kuwa Zariya an ce ƙanwar Sarauniya Amina ce, 'yar Bakwa Turunku. Ku leƙa yamma. Daga cikin labaran da Zamfarawa ke bayarwa akwai na wata 'yar sarki mai suna Fara, wadda ta zauna cikin wasu maharba har aka riƙa ce musu mazan Fara, baki ya yi ta tauna kalmar har ta koma Zamfara, sunan da aka ba jihar da aka ƙirƙiro a 1996. Ita kanta Nijeriya mace ce ta raɗa mata suna. Wata Baturiya 'yar jarida, Flora Shaw, ita ta kawo shawarar sunan a jaridar The Times ta Ingila ran 8 ga watan Janairu 1897, ta ɗauko shi daga sunan da Turawa ke kiran kogin Kwara. A 1902 ta auri Gwamna Lugga, wanda ya haɗe kudu da arewa a 1914. Can Amurka ma akwai jihar Barjiniya, wadda aka sa wa suna don girmama Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Ɗaya da ba ta taɓa aure ba.

Wata za ta ce ai labarin Katsina da Daurama da Fara duk labarin baka ne, babu wanda ya rubuta shi ranar da abin ya faru. Gaskiya ne, masana tarihi ma suna gardama a kan wasunsu, kuma in an tambaye ki a jarrabawa ki rubuta cewa haka aka ruwaito. Amma ni abin da nake dubawa shi ne, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna maimaita labarin nan a fada da kasuwa, maza ne galibinsu, ba su kuwa ga abin kunya ba a ce birninsu sunan mace yake amsawa. A tuna da wannan ran da wani ya ce mace ba ta da tarihi.

Maza ma sun sami nasu. Adamawa daga Modibbo Adama ne, Kano kuwa an ce sunan wani maƙeri ne daga Gaya da ya zo Dala neman tama. Sauran yawanci ruwa da ƙasa ne suka ba su suna: Neja da Kwara kogi ɗaya ne da suna biyu, Binuwai da Taraba da Yobe duk koguna ne, Jihar Kogi ba ta ma wahalar da kowa ba, Jigawa kuma jigawa ce, ƙasa mai rairayi.

ƊAKIN KARA

Suna dabam, kirari dabam. In kika dubi lambar motar Katsina za ki ga an rubuta da Turanci cewa nan ne gidan karɓar baƙi, kamar yadda ta Kano ke cewa cibiyar ciniki, ta Barno gidan zaman lafiya, ta Zamfara noma abin alfahari. Wasu jihohin zama aka yi a ofis aka ƙago musu nasu. Namu kuwa fassara ce ta kirarin da ya girmi jihar nesa ba kusa ba, watau Katsina ɗakin kara.

Yara da yawa, har da manya baƙi, suna zaton ana nufin bukkar da aka yi da karan dawa, har abokan wasa su riƙa tsokana wai Katsinawa ba su da gini. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, amma ki faɗe su da baki ki ji, muryarsu ta bambanta. Jinsinsu ma ya bambanta. Na gona namiji ne, shi ya sa muke cewa karan dawa. Ta mutunci kuwa tamace ce, muna cewa karar da ta yi mini. Kara ita ce ki ga abu ki kawar da kai don kada mai shi ya ji kunya. Ita ce baƙuwa ta zo daidai lokacin da tuwo bai isa ba, ki tura mata naki ki ce kin ƙoshi. Ita ce ki fifita ɗan kishiya ko ɗan riƙo a gaban mutane, ki ƙi kiran sunan ɗanki na fari. Ita ce maƙwabciya ta ari turmi ta fasa, ki ce dama ya tsufa.

Yanzu ku gaya mini, wa ke yin wannan aiki? Maigida zai tsaya a zaure ya ce wa baƙo lale marhabin, daga nan sai ya leƙo cikin gida ya ce an yi baƙi. Wadda za ta tashi ta hura wuta, ta dama fura, ta kama kazarta ta kanta, ta fitar da sabon zanen gado daga cikin adaka, ita ce mai ɗakin karar. Kirarin da jiha take taƙama da shi a jikin mota, a madafi ake dafa shi. Ba laifi maigida ya san haka.

Amma akwai inda kara ke zama cuta, kuma dole mu faɗa wa juna. Mace ta je asibiti da ciwon da ya shafi al'aura ko haihuwa, likita ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ciwon kai ne, a ba ta maganin ciwon kai ta koma gida da cutarta. Mai ciki na fari ta ɓoye naƙuda tun dare har hantsi don nauyin uwar miji. Yarinya a aji ba ta gane lissafi ba, malami ya ce akwai mai tambaya, ta yi shiru don kada a ce ta cika rawar kai. Wadda aka ci bashin kuɗin adashinta ta kasa tambaya har shekara ta zagayo. Katsinawa da kansu sukan ce kunya gare su, ba tsoro ba. To shirun da zai kai ki ga hasarar lafiya ko ilmi ko dukiya ya tashi daga kunya, ya koma ɗayan. Ki yi wa baƙo kara a kan tuwo, amma ungozoma da likita da malamin aji a gaya musu gaskiya. Makarantar koyon aikin lafiya tana nan Kankiya, 'ya'yanmu mata suna shiga suna fita, in nauyin namiji kike ji sai ki nemi mace.

Kirarin yana da kai, domin akan ce ta Korau, akan kuma ce ta Dikko, kamar yadda ake ce wa Kano ta Dabo saboda Sarki Ibrahim Dabo. Muhammadu Korau shi ne ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko, wajen ƙarni na 15. Labarinsa yana da ban mamaki ga garin da ake yabo da karɓar baƙi. An ce baƙo ne daga 'Yandoto, ya yi kokawa da Sarki Sanau ya kā da shi ya yanka, ya hau gadon, kuma wai matar Sanau ce ta tona masa asirin mijinta. Kun ga a nan ma ba a rasa mace ba, sai dai wannan ba a sa wa gari sunanta ba. Takobin Korau, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. Muhammadu Dikko kuwa na jiya ne, ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne tushen gidan da ke mulki yanzu. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wajen 1930 kuma aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina, tana cikin na farko a Arewa duka. Ke da kike saka yunifom kina tafiya sakandare a Kusada, in kin ji an ce ta Dikko, da ke ake.

TUTA

Kafin tutar da kuke gani a makaranta, kakanninmu sun san wata tuta. Lokacin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yakan ba malami tuta, alamar an ba shi izni da jagoranci a ƙasarsa. A ƙasar Katsina malamai uku ne suka karɓo: Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Na Alhaji. Ummarun Dallaje ne ya zama Sarki wajen 1807, zuriyarsa Dallazawa suka riƙe sarauta har 1906. Sarakunan da aka kora suka yi arewa da sunan a bakinsu, suka kafa sarauta a Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin can ake ce masa Sarkin Katsinan Maraɗi, alhali yana cikin Jamhuriyar Nijar.

Tutar Nijeriya kuwa gasa aka sa ana shirin samun mulkin kai, aka aiko da zane fiye da 2,000. Wani ɗalibi mai karatu a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, shi ya ci a 1959, aka ba shi fam 100. Kore biyun nan noma ne da albarkar ƙasa, farin tsakiya zaman lafiya. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasa suka cire ta. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, da suka zaɓi tasu a shekarar nan ta 1959, sun bar ranarsu a tsakiya, ruwan lemo, in kin je Maraɗi ki duba. An ɗaga tamu ran 1 ga watan Oktoba 1960. Akinkunmi ya rasu a 2023.

Tutar namiji ya zana, amma abin da kuke faɗa a gabanta kowace safiya na mata ne. Alkawarin nan da kuke yi wa ƙasa, hannu a ƙirji, wata malamar jami'a ce, Felicia Adeyoyin, ta rubuta shi a 1976. Taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, aka kuma dawo da shi a watan Mayu 2024, Lillian Jean Williams ce ta rubuta kalmominsa, Frances Berda ta sa masa kiɗa. A Gana kuwa tutar ma kanta mace ce ta zana a 1957, wata malamar makaranta, Theodosia Okoh. Mai iya zanen lalle da saƙar hula da tsara kwalla a ɗakin amarya, tuta ba za ta gagare ta ba.

JIHAR MATAR AURE

Ga wata tambaya da ta shafe mu ƙwarai, musamman ku na Kusada da kuke bakin iyaka da Jihar Kano, kullum ana kai amarya ana kawowa. Bakanuwar da aka auro zuwa Yashe ko Kankiya, ta haifi 'ya'ya ta aurar, 'yar wace jiha ce? A gida kowa zai ce ta zama tamu. A takardar gwamnatin tarayya kuwa ba haka ba ne. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1996, ta ce wajen rabon muƙaman tarayya matar aure tana nan a jiharta ta asali, watau ta gidan ubanta. Abin ya taɓa zama babbar magana a watan Nuwamba 2012, lokacin da aka dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, domin asalinta Anambara ne, amma da sunan Abiya, jihar mijinta inda ta daɗe tana aiki, aka ba ta kujerar. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki, daga baya aka rantsar da ita cikin watan. In alƙaliya ta gamu da wannan, ina ga ni da ke?

Don haka, amarya, takardar shaidar asali da ake kira indijin, wadda ƙaramar hukumar mahaifinki ke bayarwa, ki karɓe ta ki haɗa da kayan ɗaki. Ranar neman aiki ko gurbin karatu ba ranar fara nemanta ba ce. Da Gimbiya Katsina za ta dawo yau ta nemi takarda, ina jin Daura za a ce ta koma.

Ku kuma 'yan makaranta da kuke sa sunan gari a ƙarshen sunanku, kamar yadda su Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi, ku lura da rubutunsa. Mu da Hausa Kankiya muke rubutawa, a takardun gwamnati kuwa Kankia ne. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa tun daga firamare. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, in kuwa harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardunki, sai an yi ta zirga-zirga da kashe kuɗin mota kafin a gyara.

Sunayen ƙauyukanmu ma suna magana, in an saurara. Rimaye jam'in rimi ne. Tafashiya sunan itace ne da masu magani suka sani. Kafin Soli da Kafin Dangi kuwa suna tuna mana da kafi, shingen itatuwan da akan kewaye gari da shi a zamanin hare-hare, lokacin da mace ba ta zuwa rijiya sai ta waiwaya. Kowace unguwa da kowace rijiya da kowane fage yana da wanda ya sa masa suna, waɗanda suka san dalili kuwa tsofaffi ne, kullum raguwa suke yi. Daren yau bayan an ci tuwo, a ajiye waya, a tambayi kaka me ya sa ake kiran garinku da sunansa, wa ya fara saran dajin, wace ce matarsa. 'Yar makaranta ta ɗauko biro ta rubuta yadda tsohuwa ta faɗa, kada ta gyara mata Hausa, ku aiko mana a wannan fili tare da sunan garin da gundumarsa. Mu kwana nan.